Kalmar velleity: so ce, fata ce, ko zancen baki kawai?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare ina karanta wani sharhi na Turanci a kan alkawuran da manyan ƙasashe ke ɗauka a tarukan sauyin yanayi, sai marubucin ya kira su da wata kalma da ban taɓa cin karo da ita ba: velleity. Na duba ƙamus ɗin wayata, abin da na fahimta shi ne wai so ne, amma mai rauni, wanda ba ya ɗaga mutum daga inda yake zaune. Tambayata biyu ce. Ta farko, ana amfani da ita kuwa a magana, ko irin kalmomin nan ne da suka mutu aka binne su a ƙamus? Ta biyu, in zan faɗe ta da Hausa da kalma ɗaya, me zan ce? Na gwada buri, na gwada sha'awa, duk ba su zauna mini ba.

Dan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Anti ai kin riga kin faɗa, sha'awa ce. Turawa dai da son wahalar da mutane.

Gimbiya22:
Ni fa da na gan ta na zaci velocity ce ta darasin fiziks, har gabana ya faɗi. Yaya ma ake furta ta?

MalamTuranci:
Gimbiya, gaɓa huɗu ce: ve-LII-i-ti, nauyin yana kan gaɓa ta biyu. Harafin l biyu ne a rubuce, a nan ɗalibai suka fi faɗuwa.

Dan_Fagge, a'a, ba sha'awa ba ce. Sha'awa tana da zafi, tana iya hana mutum barci, tana iya sa shi ya sayar da gona. Wannan kuwa ba ta da zafin komai. Asalinta Latin ne, daga velle, wato a so abu. Malaman Turai na zamanin da ake karatu da Latin suka gina velleitas a kanta, ta shigo Turanci a farkon ƙarni na 17. Daga wannan tushen aka samu volition da voluntary da volunteer da benevolent, duk suna da igiyar so ko nufi a jikinsu.

Wanda ya fi fayyace ta a ganina shi ne John Locke, masanin falsafar nan na Ingila da ya rasu a 1704. A littafinsa kan fahimtar ɗan Adam ya auna so da gwargwadon rashin sukunin da mutum ke ji idan ba shi da abin. In rashin abu ya dame ka ƙwarai, to kana son sa ƙwarai. Sai ya ce velleity ita ce matakin ƙasa, wanda ke maƙwabtaka da rashin so gaba ɗaya: rashin abin bai dame ka ba har da za ka nemi hanyar samun sa, iyakarka ka yi ɗan fata ka wuce.

Game da tambayarki ta farko, Ummu Hanan, ba ta mutu ba, amma ba ta fita kasuwa. A rubutu take zaune, sharhin jarida, falsafa, adabi. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da Turanci, ban taɓa jin wani ya faɗe ta a hira ba, har Turawan da na zauna da su.

Injiniya_Sule:
Malam, ke nan har da motar Volvo daga nan ta fito? Na ji an ce sunan Latin ne.

MalamTuranci:
Latin ne, amma wani gida daban. Volvo daga volvere take, wato mirginawa, ma'anarta ina gangarawa. Kamar yadda gari da gāri suke a wajenmu, kama da wane ba ta wane.

Bakatsine77:
To ai buri ke nan. Mutum ya yi ta burin abu bai samu ba.

Hajiya_Kaltume:
Haba ɗana, buri fa yana sa mutum ya tashi da asuba. In an ce yarinya tana da burin zama likita, ai ana nufin tana karatu ne kamar ta cinye littafin. Har cewa ake yi wane ya cika dogon buri, wato ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa yana ta fama. Wanda Malam ya kwatanta kuwa ko takalminsa bai nema ba. Ni na fi ganin ta kusa da fatan baki.

Gimbiya22:
Hajiya, fatar baki ko fatan baki? Don na san in an ce "fatar baki ce kawai", ana nufin magana ce ta leɓe, ba ta kai zuci ba.

Hajiya_Kaltume:
Kin kama ni. Fatar baki ake cewa, fata irin ta jiki. Amma kin ga ko ita ɗin ma ba ta dace sosai ba, domin mai fatar baki ya san ƙarya yake yi. Shi wannan da gaske yana ɗan so, son ne ba shi da ƙafa.

AlmajirinZaure:
Allah ya gafarta Malam, da na karanta bayaninka sai na tuna abin da aka karantar da mu a zaure. Malamai sun kasa abin da ke gudana a zuciya kafin aiki gida biyar, har da baitoci ake haddace su. Na farko hajisi, abin da ya faɗo maka a rai kamar walƙiya. Na biyu haɗiri, ya faɗo kuma ya ɗan zaga. Na uku hadisun nafsi, zancen zuci ke nan, mutum na kai-kawo, in yi ko kar in yi. Na huɗu hammu, zuciya ta rinjaya zuwa ga yi. Na biyar azama, an ƙulla, sai dai in wani abu ya tare hanya. Suka ce na farkon ba a kama bawa da su, sai an kai ga azama ake fara lissafi. Akwai hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko su furta. To a ganina wannan kalma tana zaune ne a hawa na uku, zancen zuci.

Bakatsine77:
Ma sha Allah. Ashe mun riga su.

MalamTuranci:
Ba tsere ake yi ba Bakatsine, kowane gida da ya yi tunani a kan laifi da lada dole ya auna niyya. Amma Almajiri, ina da ja kaɗan. Mai zancen zuci yana shawara, yana ɗora abu a sikeli. Mai velleity bai ma kira taron shawarar ba. Ya san ba zai yi ba, yana dai jin daɗin tunanin.

AlmajirinZaure:
Haka ne Malam, na karɓa. In haka ne sai mu koma nahawu. Larabawa sun raba laita da la'alla. La'alla ta abin da ake sa ran samu ce, ita ce tarajji. Laita kuwa ta tamanni ce, abin da ba zai yiwu ba ko yake da wuyar gaske, kamar misalin da kowane ɗalibi ya sani na tsohon da ke cewa ina ma ƙuruciya ta dawo. Da Hausa la'alla ita ce "wataƙila" ko "Allah ya sa", laita ita ce "ina ma". To ko mu ce "ina-ma" ɗin kawai?

Ummu_Hanan:
Kai, wannan ta burge ni. "Alkawuransu duk ina-ma ce." Ta ɗan zauna.

Dan_Fagge:
Ba ta zauna ba Anti. Ina ma ta abin da ya gagara ce. Su waɗannan ƙasashen ai ba gagarar su abin ya yi ba, kuɗin na nan, ba su ga dama ba ne.

Tijjani_Legas:
Ku bari in ba ku labarin yadda kalmar nan ta yi mini tsirara. Shekarar da na gama hidimar ƙasa ina neman aiki a wani kamfani a nan Legas. Na zauna rubuta takardar neman aiki, na ga kalmar desire ta yi arha, kowa ita zai sa. Sai na buɗe irin littafin nan mai jera kalmomi masu ma'ana ɗaya, na bi layi ina neman wadda ta fi kowace baƙunta. Na ga velleity, na ce yauwa, wannan ko manajan sai ya duba ƙamus. Na rubuta cewa ina da "strong velleity" na yin aiki da su. Har na karanta wa abokin zamana, ya ce wallahi Turanci ya zauna.

Aka kira ni ganawa. Mutum uku ne a bayan tebur, wata mata mai gilashi a tsakiya, takardata a hannunta, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar. Ta ce in bayyana mata abin da nake nufi. Na gyara zama na ce ai so ne mai tsanani. Ta cire gilashin ta ce, to ka rubuto mana cewa kana da ƙaƙƙarfan so wanda ba ka da niyyar yin komai a kansa. Na gefen hagunta ya sunkuyar da kai yana dariya cikin hankici. Ni kuwa gumi har cikin safa, ga na'urar sanyaya ɗaki na aiki.

Gimbiya22:
Wayyo cikina! Yaya Tijjani an ba ka aikin?

Tijjani_Legas:
Sun ce za su kira ni. Ina jin nasu kiran ma velleity ne.

MalamTuranci:
Tijjani ka ba da darasin da ya fi nawa. Littafin da ke jera kalmomi 'yan uwan juna ba ya gaya maka wace ce uwa wace ce kishiya. Kuma ka lura, kalmar da ta fi rakiyar wannan a rubutu ita ce mere, wato "kawai", domin kusan kullum raini ake yi da ita. Ba a yabon mutum da ita, ba kuma ka yabi kanka. Suna ce, jam'inta velleities. In za a yi amfani da ita daidai, sai a ce shirin wane na barin taba bai wuce velleity ba.

DanDamagaram:
Sannunku da hira. Abin ya ba ni mamaki da kuka ce baƙuwa ce, don mu nan da Faransanci ba ta ɓuya ba. Velléité ake cewa, kuma duk mai sauraren labarai ya san ta. 'Yan jarida na yawan cewa velléités d'indépendance in wani yanki ya fara ƙananan maganganun ɓallewa amma bai kai ga ɗaukar mataki ba. Har siffa muke da ita, velléitaire, mutumin da kullum zai yi, zai yi, bai taɓa yi ba. A lakwal, wato makaranta, akwai mushe, malami ke nan, da ke rubuta ma yaro ita a takardar sakamako, uba ya zo yana tambaya ko yabo ne.

Injiniya_Sule:
Wannan siffar ita muke buƙata. Muna da su da yawa a majalisarmu ta bakin titi. Akwai wanda tun ina sakandare yake cewa zai buɗe gidan kaji. Ya san kuɗin buhun abinci, ya san wace rigakafi ake yi a sati na nawa, in ka kawo zancen sai ya fi likitan dabbobi bayani. Ko kaza ɗaya bai taɓa ajiyewa ba.

Hajiya_Kaltume:
Irin su ake ce wa hangen Dala ba shiga birni ba.

Dan_Fagge:
Hajiya wannan karin maganar ai ta wanda ya taso ne yana hanya, ya hango dutsen ya zaci ya iso. Mai gidan kajin Injiniya ko tasha bai je ba.

Saratu_Jos:
Ina bin ku tun ɗazu. Ina so in kare kalmar kaɗan, don kun mayar da ita ta malalata zalla, alhali a wurin waɗanda suka fara amfani da ita ba haka take ba. Thomas Aquinas, malamin tauhidin Kirista ɗan Italiya da ya rasu a 1274, ya kawo misalin alƙali mai adalci. Alƙalin yana so kowane mutum ya rayu, har da mai kisan kan da ke gabansa, domin shi ma ɗan Adam ne. Amma da ya haɗa komai ya duba, sai ya yanke masa hukuncin rataya. Wancan so na farko, na a ce ya rayu, shi ya kira velleitas, ya bambanta shi da cikakken nufi. Kun ga a nan ba lalaci ba ne. So ne na gaskiya wanda wani abu mafi nauyi ya danne. Kamar uwa da ke riƙe ɗanta ana yi masa allura, tana so a ce ba a soke shi ba, amma ita ce ta danne ƙafar.

MalamTuranci:
Madalla Saratu. Kuma shi aikatau ɗin velle yana da wata siga, vellem, wadda ma'anarta "da na so". Wannan "da" ɗin ita ce ran kalmar. Da na so, in da hali. Daga baya ne amfani ya karkata zuwa raini.

Ummu_Hanan:
To yanzu kun sake rikita ni. Ke nan talakan da ke son zuwa Makka ba shi da ko kuɗin fasfo, nasa son velleity ne? Ni raina bai yarda ba.

AlmajirinZaure:
Anti akwai ma'auni a Suratut Tauba, aya ta 46, a kan waɗanda suka ƙi fita yaƙin Tabuka suna kawo uzuri: da sun yi nufin fita, da sun yi masa tanadi. Ba a ce da sun isa ba, tanadi aka ce. Kuma ga hadisin Ibn Abbas da ke cikin Arba'una, wanda ya himmatu ga kyakkyawan aiki bai samu yi ba, ana rubuta masa lada cikakke. Don haka ba samu ake dubawa ba, motsi ake dubawa.

Hajiya_Kaltume:
Bari in ba ku misali daga gidanmu. Gwaggona, Allah ya jiƙanta, ƙuli-ƙuli take yi. Tana da asusu na ƙasa a ƙarƙashin gadonta, bayan tukwanen da take ajiye kayan aure. Duk ranar da ta sayar da mai, sai ta jefa wani abu a ciki ta ce na Makka ne. In ya cika ta fasa ta sayi tunkiya, tunkiya ta haihu ta sayar ta ƙara. Sau biyu rashin lafiya na cinye kuɗin, sau ɗaya auren jikarta. Ta rasu ba ta je ba. Ranar da muke kwashe kayanta muka tarar da asusun da nauyinsa, ga wani farin yadi a ninke cikin leda da ta ce da shi za ta yi ɗawafi.

A gefe guda ga wani ɗan uwan maigidana, duk shekara in alhazai za su tashi sai ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya kira mu. Mota uku ya canza a gabana. To in ku ce kalma ɗaya za ta ɗauki su biyun, ni ban yarda da kalmar ba.

Saratu_Jos:
Allah ya jiƙan Gwaggo, Mama. A'a, nata ba velleity ba ne ko a ma'anar Locke ɗin da Malam ya kawo, don rashin abin ya dame ta har ta nemi hanya. Na mai mota ukun ne.

Bakatsine77:
Ku yi wa mutumin adalci, wataƙila yana da niyya, jinkiri ne kawai.

AlmajirinZaure:
Jinkiri ma da sunansa, taswifi, daga saufa, wato "da sannu zan yi". Amma mai taswifi ya yarda aikin na kansa, ranar ce yake turawa gaba. Akwai bambanci tsakanin wanda ke cewa sai gobe da wanda bai taɓa sa rana ba.

Maman_Abba:
Ni dai tambaya nake. Famfon tsakar gidanmu wata bakwai ke nan yana ɗiga. Na sa bokiti a ƙasa, in ya cika in juye a randa. Kullum Baban Abba in zai fita sai ya tsaya ya kalle shi ya ce kai, ya kamata a kira mai gyara. Wannan a wane hawa yake cikin biyar ɗin Almajiri?

Dan_Fagge:
Hajisi ne Maman Abba, walƙiya ce, yana kai wa ƙofa ta ɗauke.

Injiniya_Sule:
Roba ce ta cinye a ciki, ba ta kai kuɗin katin waya ba. Ki sa Abba ya rufe ruwan daga babban kan, a kwance a canza.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan kalma, kar mu koma gyaran famfo.

Nura_Kumasi:
Ni wata na sani mai kama da wannan, concupiscence. Da na ga an ce baƙuwar kalmar Turanci ta so, ita na zata za a kawo. Ɗaya suke?

Saratu_Jos:
Ko kusa. Gabas da yamma ne. Concupiscence ita ce sha'awa mai ƙarfi, galibi ta jiki, wadda ke jan mutum zuwa abin da ya san bai kamata ba. Tana cikin tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci ta 1611, a wasiƙun Bulus, kuma Augustine, wanda ya yi limanci a garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya yi dogon rubutu a kanta. Sababbin fassarori sun fi sa kalmomi masu sauƙi. Da Hausa muguwar sha'awa muke cewa. Ita wannan tana da ƙafa har da gudu.

MalamTuranci:
Daga tushenta kuma aka samu cupidity, wadda ta koma kwaɗayin dukiya. Tun da an buɗe jakar, ga wata: yen. In Bature ya ce yana da yen na abu, marmari yake nufi, kuma ba ta da alaƙa da kuɗin Japan. Daga Sinanci ta shigo, asalinta ƙishirwar da mai shan opiyom, wani kayan maye, ke ji in bai samu ba, sai ta yi sanyi a bakin mutane har ta koma marmarin abinci ko tafiya.

Gimbiya22:
Yauwa, marmari! Me ya sa ba wanda ya kawo ta? Ba ga "marmari daga nesa" ba?

Hajiya_Kaltume:
Marmari na abin da ka taɓa ɗanɗana ne ka kwana biyu ba ka samu ba. Ina marmarin ɗanwake, gobe in sa a kwaɓa. Mai ciki in ta yi marmarin abu ai sai an nemo shi ko da tsakar dare. Amma da kika ƙara "daga nesa", to kin matso. Sai dai ita wannan tana siffanta abin da ake so ne, wanda ya fi kyau a hange shi, ba halin mai son ba.

DanDamagaram:
Ku ƙara da wannan. Da Sifaniyanci kalmar ta zama veleidad, amma can ta sauya hanya, ta koma nufin saurin canza ra'ayi, yau nan gobe can. Tushe ɗaya, kowa ya ja ta inda ya ga dama. Shi ya sa ni ban ga laifi ba in Hausa ta ce abin da jimla maimakon kalma guda.

Bakatsine77:
Ni fa har yanzu ban gamsu a ce ba mu da ita ba. Harshen da ke da so, ƙauna, bege, sha'awa, marmari, kwaɗayi, muradi, buri, fata, ƙawazuci, a ce wannan ɗaya ta gagare shi? A tambayi tsofaffi.

MalamTuranci:
Ka duba jerin naka da kyau. Kusan dukkansu sunayen so mai ƙarfi ne, sun bambanta ne a kan abin da ake so da kuma ko ana yaba shi. Bege na wanda ba ya nan ne, kwaɗayi abin zargi ne, muradi na abin da ka sa a gaba ne. Mu raunin so ba mu cika ba shi suna ba, a ginin jimla muke nuna shi. "Da dai na samu." "Ina ɗan so." "A ce dai." "Ya so ya yi." Ka ji wannan ta ƙarshen, ya so ya yi, kowa ya san bai yi ba. Su ma Turawan a bakinsu na yau da kullum haka suke yi, kalmar ta masu alƙalami ce.

Zainab_BUK:
Ni abin da ke damuna da hirar nan, na ga kaina a ciki. Shekara huɗu ke nan ina cewa zan koma in yi digiri na biyu. Na taɓa sayen fom, na ɗauki hoto guda takwas, suna nan cikin ambulan a aljihun akwati, har sun fara manne wa juna. Ban cike ba. Duk sanda aka buɗe shafin neman gurbi sai in shiga in karanta sharuɗɗa in fito.

Saratu_Jos:
Kin sayi fom ai 'yar uwa, kin biya wani abu. Kin wuce matakin da ake magana.

Dan_Fagge:
Sayen fom ɗin ma wani lokaci cin hanci ne mutum ke ba zuciyarsa don ta yi shiru. Ni na sayi takalmin gudu.

Zainab_BUK:
Dan_Fagge ka bar ni da abin da ke damuna.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai jama'a. Ɗan taƙaitaccen bayanin da nake rubuta wa ƙungiyarmu ne ya sa na tambaya, kuma ga abin da na sa a ƙarshe: "alkawuran nasu so ne marar ƙafa." Na aro daga bakin Hajiya, da izininki.

Hajiya_Kaltume:
Na ba ki, 'yata. Amma ki sani ni ma a nan na ƙirƙire ta, kar wani ya je neman ta a ƙamus.

AlmajirinZaure:
Ni har yanzu ina tare da ina-ma. So marar ƙafa zai iya zama na gurgu, wanda yake so da gaske hali ne babu, kamar Gwaggon Hajiya.

Tijjani_Legas:
Malam kafin a watse, akwai wata da na gani a layi ɗaya da waccan ranar, appetence. In sa ta a takarda ta gaba ko in haƙura?

MalamTuranci:
Ka rubuta desire, Tijjani.

Maman_Abba:
Injiniya, Abba ya kwance kan famfon, yanzu ruwa na feshi har bakin ƙofar kicin. Wane ne babban kan da ka ce a rufe?